Babi na Huɗu: Sukarin da Muke Sha da Kitsen Hanta

"Likita, ni da ko warin giya ban sani ba, yaya za a ce kitse ya taru mini a hanta?" Irin tambayar da mutum kan yi ke nan idan ya taso daga Makarfi ko Ikara ya je Zariya aka yi masa hoton ciki saboda wata larura dabam, tsakuwar ƙoda ko ciwon cikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai takarda ta fito da maganar hanta. Mai tambayar yana da hujja, domin su kansu likitoci sun daɗe suna ganin cewa mashaya ne hantarsu ke yin kitse har ta lalace. Sai a 1980 wasu likitocin asibitin Mayo da ke Amurka suka yi bayanin marasa lafiyar da hantarsu ta yi irin lalacewar ta mashaya alhali ba sa sha. A yau ana ƙiyasta cewa wajen mutum uku cikin kowane baligi goma a duniya suna da kitse fiye da kima a hantarsu, galibinsu kuma ba su sani ba. Mutumin ƙasar rake kuwa yana da tambaya ta biyu: iyaye da kakanni sun sha rake har haƙoransu suka gaza, sun ci mazarƙwaila, ba a ji su da wannan ciwo ba, to me ya canja? Abin da ya canja shi ne yanzu sukari kwankwaɗarsa muke yi a ruwa, da yawa, kullum, muna zaune. Daga cikin abubuwan da ke jawo teɓa da kitsen hanta kuma, babu wanda ya fi wannan sauƙin gyarawa.

Cokali nawa ne a roba ɗaya?

Yawancin lemon kwalba mai gas yana da sukari kimanin giram 10 a kowane mililita 100. Roba mai santilita 50, wadda ita ce ake miƙo wa fasinja ta tagar mota a Tashar Yari ko Hunkuyi, tana da wajen giram 50 ke nan. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar giram 4, saboda haka cokali 12 ne cur a roba guda. Babu wanda zai zauna a teburin mai shayi ya ce a zuba masa cokali 12 a kofi ɗaya, amma sanyi da gas da ɗan tsamin da ake sa wa lemon suna danne zaƙin, sai ya wuce maƙogwaro ba tare da ya ginshi mai sha ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da zuma da ruwan 'ya'yan itacen da aka matse, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ga baligi matsakaici wannan ya kama giram 50, hukumar ta kuma ce idan an sauko zuwa giram 25 ya fi. Roba ɗaya ta cinye kason yini gaba ɗaya ke nan, tun ba a lissafa sukarin koko da na shayi ba. Wanda ya mayar da ita abin kullum yana shan sama da kilo 18 na sukari a shekara, fiye da sulusin babban buhu, daga wannan robar kaɗai.

Yawan sukarin ma da sauƙi idan aka duba yadda jiki ke karɓarsa. Wanda ya ci tuwo malmala biyu cikinsa zai gaya masa ya isa, da dare kuma zai rage ci ko bai yi niyya ba. Abin sha mai zaƙi ba ya ƙosarwa haka. A 2000 masu bincike a jami'ar Purdue ta Amurka sun ba wasu mutane sukari daidai wa daida na tsawon mako huɗu huɗu, wani zubin a matsayin alewa, wani zubin a matsayin lemo. Lokacin alewa mutanen sun rage sauran abincinsu da kansu, lokacin lemo kuwa ba su rage komai ba, har nauyinsu ya ɗan ƙaru. Giram 50 na sukari kalori 200 ne, abin da mutum zai yi tafiyar ƙafa ta kusan minti 45 kafin ya ƙone shi, kuma ƙari ne a kan shinkafa da miyar da aka riga aka ci.

Abin da hanta take yi da shi

Farin sukari haɗin sinadarai biyu ne rabi da rabi, gulukos da furuktos. Gulukos kowane sashe na jiki yana amfani da shi, ƙwaƙwalwa da tsoka da sauransu. Furuktos kuwa mafi yawan aikinsa a kan hanji da hanta yake. Idan ya zo kaɗan kaɗan, kamar yadda yake zuwa daga mangwaro ko gwaiba, jiki yana sarrafa shi ba wahala. Idan ya zo da yawa cikin 'yan mintoci, sai ya yi wa hanta yawa. Manomin tumatir na Ikara ya san irin wannan hali: idan kaya suka nuna lokaci ɗaya, kasuwa ta cika, kwando ya rasa mai saye, dole a yanka a shanya a yi kauɗa a adana. Haka hanta take yi da rarar sukari, tana mayar da shi kitse, ta tura wani cikin jini, wani ya zauna a cikinta. Bambancin shi ne manomi yana fitar da kauɗarsa idan tumatir ya yi tsada, mai shan zaƙi kullum kuwa ba ya ba hantarsa ranar da za ta fitar da nata ajiyar.

Idan kitse ya wuce kashi 5 cikin 100 na hanta, shi ne likitoci ke cewa tana da kitse. Da yawa a nan abin yake tsayawa, ba ciwo, ba shawara, ba wata alama sai wataƙila kasala. A wajen wasu kuwa hantar takan kumbura, ta fara yin tabo, a cikin shekaru ta ƙandare, ciki ya tara ruwa, wani lokaci har ya kai ga ciwon daji. Ko bai kai can ba, hanta mai kitse ba ta jin umarnin sinadarin insulin yadda ya kamata, shi ya sa wannan matsala take tafiya kafaɗa da kafaɗa da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Hasali ma ciwon zuciya ya fi ciwon hantar kansa kashe masu wannan larura.

An gwada wannan a jikin mutane. A ƙasar Denmak, a wani bincike da aka buga a 2012, an raba masu ƙiba gida huɗu, kowa yana shan lita ɗaya kullum har wata shida: wasu lemo mai sukari, wasu madara, wasu lemo marar sukari, wasu ruwa. Kitsen hantar masu shan lemo mai sukari ya ninka har ya zarce, alhali madarar da aka ba ɗaya rukunin ƙarfinta ɗaya da na lemon. An kuma gwada ta ɗaya ɓangaren. A 2019 a Amurka an ɗauki yara maza 40 masu kitsen hanta, 'yan shekara 11 zuwa 16, aka janye wa rabinsu sukarin ƙari na mako takwas. Kitsen hantarsu ya sauko daga kashi 25 zuwa 17 cikin 100, na sauran kuwa kusan bai motsa ba. Wata biyu ke nan kacal, ba allura, ba ƙwaya. Hanta tana da saurin farfaɗowa matuƙar tabo bai yi nisa ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa bai kamata wanda aka gaya masa yana da wannan matsala ya karaya ba.

To, rake fa?

Ruwan rake sukari ne, irin na cikin lemo sak, kuma babu amfanin a ɓoye wa mutanen Makarfi da Kudan wannan don a faranta musu. Amma a dubi yadda ake shansa. Mutum zai sa a fere masa, ya gatsa, ya tauna, ya tsotse, ya tofar da sauran, ya sake gatsa. Kafin ya gama gaɓa uku ko huɗu muƙamuƙinsa ya gaji, lokaci ya tafi, sukarin kuma ya shiga jiki sannu a hankali. Sannan wanda ya saba sha a da, yawanci daga fadama ya fito, ya yini yana huɗa ko ban ruwa ko loda mota, tsokarsa tana jiran duk abin da ya shigo. Rake kuma yana da lokacin da yake yawa da lokacin da yake ja baya. Lemon kwalba ya daɗe yana abin Sallah da biki da baƙo na musamman. Yanzu yana cikin kowane shago da kowace kula, rani da damina, jikan wancan manomi kuwa a shago yake yini ko a kan babur ko a ofis.

Saboda haka mai lafiya da ke shan gaɓar rake jefi jefi bai kamata ya damu ba. Inda hukuncin ya juya shi ne idan aka sa rake a inji aka matse aka cika kofi, domin an cire taunar da ke taka wa mutum burki, abin da ya rage ruwan sukari ne da za a shanye a minti biyu. Haka mazarƙwaila. Ruwan rake ne aka dafa har ya yi kauri ya daskare, tana da ɗan ƙarfe da wasu ma'adanai da farin sukari ya rasa, amma mafi yawanta sukari ne, hanta kuma ba ta bambanta su. Wanda ya daina zuba farin sukari a kunu ya koma jefa ƙatuwar mazarƙwaila ko tsiyaya zuma yana ganin ya tsira, bai rage komai ba. Mai ciwon sukari kuwa ko raken taunawa sai da shawarar likitansa.

Zobo, kunun aya da shayi

Akwai masu cewa su ba ruwansu da kayan kamfani, na gida suke sha. Zoɓorodo da citta da kanumfari da tsamiya da aya duk abubuwa ne masu kyau, laifin yana wajen abin da ake zubawa a ƙarshe. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake haɗa zobon sayarwa ya ga yadda ake yi: a tace a babban bokiti, a kawo sukari da gwangwani ko da kofi, a zuba a juya a ɗanɗana, a ƙara, domin tsamin zobo yana shanye zaƙi, mai saye kuma idan bai ji zaƙi rau ba gobe wajen wata zai je. Lemon kamfani ko ba komai an rubuta adadin sukarinsa a jikin roba, na gida kuwa hannun mai haɗawa ne ma'auni. Haka kunun aya da kunun zaƙi da lamurje da fura da nono, wadda a da ake dama ta da ɗan tsaminta, yanzu sai an ɗora mata cokali uku ko huɗu. Shayi ma haka, ga sukari, ga madara mai zaƙi, ga garin koko na gwangwani wanda shi ma da nasa sukarin, safe da dare. Matasan da ke dafa shayi a ƙaramar buta a majalisa suna ganin kofin ƙarami ne, amma zagaye uku ake yi, kowanne da nasa sukarin.

Abu biyu sun fi damuna a nan. Na farko lemon malti da ake haɗawa da madara a ba mai jego ko wanda ya tashi daga jinya da sunan ƙarin jini. Sukarinsa bai gaza na sauran lemo ba, ƙarancin jini kuwa gwaji yake bukata da maganin ƙarfe da abinci irin su hanta da wake da zogale. Na biyu yara. Yaron da aka saba masa da lemon kwali a jakar makaranta da zobo a ƙofar Islamiyya harshensa zai tashi yana raina ruwa. A ƙasar Holan an bi yara 641 na tsawon wata 18, ana ba kowanne ƙaramin gwangwani ɗaya a rana, wasu mai sukari wasu marar sukari, ba tare da sun san wanne suke sha ba. Masu shan mai sukarin sun fi sauran ƙara nauyi da kusan kilo ɗaya. Gwangwani ɗaya ke nan a rana, mai mililita 250, rabin robar da yaranmu ke shanyewa.

Shin sukari ne kaɗai mai laifi?

A'a, kuma duk wanda ya ce haka ya yi ƙari. Rarar abinci kowace iri ce tana iya zama kitse a hanta, ko ta shinkafa ce ko ta burodi ko ta mai, akwai kuma gado da rashin motsa jiki da wasu magunguna. Wasu masana ma suna ganin cewa illar furuktos ba ta wuce ta yawan kalorin da yake kawowa ba. Ko da sun yi gaskiya, hukuncin bai canja ba, domin an riga an ga cewa kalorin da aka sha ba ya rage wanda za a ci. Abin da ya sa ake farawa da abin sha shi ne, shi kaɗai ne za a iya cirewa ɗungurungum jiki bai rasa komai ba, ba a kwana da yunwa ba, kuɗi ma su ragu a aljihu. Likitocin hanta sun yi ittifaƙi cewa rage kashi 5 cikin 100 na nauyi yana rage kitsen hanta, rage kashi 7 zuwa 10 kuma yana kwantar da kumburi har ya taɓa tabo. Ga mai kilo 90, kilo huɗu da rabi ne matakin farko, kuma mai shan roba biyu a rana zai iya cin wani ɓangare mai yawa na wannan tafiya da barin su kawai.

Siriri ma kada ya saki jiki, domin akwai marasa ƙiba da hantarsu ke da kitse, musamman masu ɗan tumbi. Mun daɗe muna kallon tumbi a matsayin alamar hutu da wadata, alhali shi ne kitsen da ya fi kusa da hanta. Ga gwajin da ba ya bukatar sikeli: a yanki igiya daidai tsawon mutum daga ƙafa zuwa ka, a ninka ta biyu, a zagaya ta a ciki ɗan sama da cibiya ba tare da an shanye numfashi ba. Idan bakin igiyar biyu ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Sannan a ƙasarmu ba a maganar hanta a manta da ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi. Wanda yake da wannan ƙwayar cuta ya kuma tara kitse ya haɗa wa hantarsa kaya biyu. Duk wanda aka ce hantarsa tana da matsala ya nemi a yi masa wannan gwaji a babban asibitin garinsa ko a asibitin koyarwa na Shika, ya kuma guji jiƙe-jiƙen da ake tallarsu da sunan wankin hanta, don wasu ƙara mata aiki suke yi.

Haraji, manomi da baƙo

Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi a Najeriya, aka fara karɓa a 2022. Naira biyar ke nan a roba, abin da mai saye ba zai ma lura da shi ba, alhali a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai farashi ya tashi da kashi 20 cikin 100 kafin a ga canji na sosai. A Meziko, inda aka fara irin wannan haraji a 2014, sayen lemo ya ragu da kusan kashi 6 cikin 100 a shekarar farko. Mu dai a halin yanzu gyaran daga gida zai fito. Mai tsoron kada wannan kira ya taɓa abincin manomin rake ya kwantar da hankalinsa, domin raken Makarfi da Kudan na taunawa ne da na mazarƙwaila, farin sukarin da ke cikin lemo kuwa mafi yawansa ɗanyensa daga Birazil ake shigo da shi a tace a Legas. Mai sana'ar zobo ma ba a ce ta daina ba. Sukari yana cikin kayan haɗinta mafi tsada, idan ta ware wasu robobi masu ɗan zaƙi kaɗan da wasu marasa sukari za ta sami masu ciwon sukari da dattawan da a yanzu suke wuce ta. Batun baƙo ne ya fi wuya, don mai gida yana jin kunyar a ce ruwa kawai ya kawo. Ruwa mai sanyi da dabino ko yankakken kankana ko gyaɗa karramawa ce cikakkiya, Alhaji ko Hajiyar da likita ya hana zaƙi kuma za su fi kowa jin daɗin an fisshe su kunyar ƙin karɓa.

Daga ina za a fara?

Mutum ya fara da ƙirga duk abin zaƙin da ya sha a mako ɗaya, har da shayi da koko da fura, don yawancin mutane suna raina adadin. Sai ya cire na kullum tukuna, wato robar da ke raka abincin rana, ya sa ruwa a madadinta, ya bar lemo ya koma abin biki da suna. Sukarin shayi da na kunu a riƙa rage shi da rabin cokali duk bayan 'yan kwanaki, harshe yana sabawa cikin makonni kaɗan har tsohon haɗin ya dawo yana ginsarsa. Lemon zaƙi da kankana da abarba a ci su da ɓargonsu maimakon a matse. Da azumi a buɗe baki da dabino da ruwa, a jinkirta zobo sai an ci abinci, lokacin kofi ɗaya zai isa inda a da sai jug. Direba da mai babur da ke dogara da lemon ƙarin kuzari su sani cewa sinadarin kafeyin ne ke buɗe musu ido, sukarin kaya ne kawai, ruwan bunu marar sukari zai yi musu aikin. Lemo marar sukari ya fi mai sukari ga wanda ya kasa bari farat ɗaya, amma a ɗauke shi matakala, domin a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da irin waɗannan sinadaran zaƙi wajen rage ƙiba. Wuri biyu ne wannan shawara ba ta shafa ba: ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, wanda yake ceton rai, da mai ciwon sukari da sukarinsa ya faɗi yana rawar jiki da gumi, wanda dole a ba shi abu mai zaƙi nan take.

Wanda ya gyara abin shansa zai ga igiyar awon cikin nan ta fara kusantar haɗuwa, amma sau da yawa takan tsaya a hanya, domin sauran aikin yana cikin kwano. Babi na gaba zai duba tuwo da shinkafa da burodi da taliya da man da ake soya su, da yadda magidanci zai rage su a gidan da ake ci a faranti ɗaya ba tare da an dafa masa tukunya dabam ba.